Daga Tawa zuwa Yamai, wurin masu duban hadari

Ƙarshen watan Afrilu ne, lokacin da zafin bazara ke korar kowa daga ɗaki ya kwana a tsakar gida, aka aiko wa rediyonmu takardar gayyata zuwa Yamai. Za a yi zaman ƙara wa juna sani tsakanin ma'aikatan hukumar yanayi ta ƙasa, wadda kowa a nan yake kira meteyo, da masu aikin rediyon karkara, kafin damina ta faɗi. Ni aka tura, tun da ni nake karanta adadin ruwan da ya sauka a garuruwa, kuma ni nake duba ma'aunin ruwan da ke kafe a harabarmu.

Kar ɗinmu, wato motar fasinja, ta tashi daga Tawa bayan sallar asuba. Kafin mu kai Badagishiri gari ya waye, tsaunukan Adar sun fito jajaye, babu ko tsinken ciyawa. A kan faƙo ana ganin ramukan tassa da na rabin wata jere-jere, an zuba musu taki, suna jiran ruwa. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka aikin banza ne, amma tun daga shekarun 1980, bayan babban fari, da irin waɗannan ramuka aka mayar da faƙo gona a nan da wajen Kaita.

Wani dattijo ne kusa da ni, ɗan wajen Illela, za shi duba ɗansa. Da ya ji abin da zai kai ni, sai ya gyara zama.

“To, yaro, idan ka je ka tambayo mini abu ɗaya. In yi binne bana ko in jira?”

Na ce, “Baba, ai su ba sa faɗin ranar da ruwa zai sauka a gonar mutum.”

Ya ce, “To me suke faɗi?”

Tambayar tasa ba ta rainin hankali ba ce. Mai binne yana zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. In ruwan ya zo da ƙarfi kuma wani ya biyo baya, ya riga kowa. In yayyafi ne kawai, iri ya tsiro rana ta ƙone shi, an yi asarar tiya nawa ke nan, a watan da rumbu ya riga ya yi ƙasa. Na san gidajen da suka yi shuka sau uku a damina ɗaya. Dattijon ya ce shi dai abin da ya gada shi ne duban zuwan shamuwa, da lokacin da gawo ya fara kaɗe ganye, da juyawar iska daga gabas ta koma tana busowa daga kudu maso yamma. Wannan na ƙarshen, kamar yadda na ji daga baya, shi ne ainihin abin da masu na'urori ma suke bi.

A Tsarnawa muka hau babbar hanyar da ta taso daga Damagaram, muka karya kumallo a Ƙonni. Kusa da nan Masalata take, inda har yau ake arwa kowace shekara, masu al'ada su faɗi yadda suke ganin damina za ta kasance. Malamai suna ƙyamar abin, mutane kuma ba su daina zuwa ji ba. Ni ba ruwana da shiga wannan gardama, amma tana nuna cewa neman labarin damina tun kafin ta zo ya girmi kowace hukuma a ƙasar nan.

Daga Dogon Dutsi zuwa Doso itatuwa suna ƙara yawa da girma. Tawa tana samun ruwan da bai cika wuce milimita 400 ba a shekara, Yamai tana haura 500, Gaya can kudu tana kaiwa 800, Bilma kuwa ko 20 da ƙyar. Wannan lissafin har cikin doka ya shiga: a 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya, kuma yawan ruwan shekara aka duba wajen shata ta. Mu mutanen jihar Tawa layin ta cikinmu ya ratsa, mun kuma san rigimar da ke tashi idan ruwa ya ja baya ko gonaki suka matsa gaba. Bayan Birnin Gaure yara a mota suka yi ta leƙen taga ko za su ga raƙuman dawa na Kure. Ba mu gani ba. La'asar sakaliya muka shiga Yamai, bayan tafiyar da ta haura kilomita 500 da tsayawa a shingayen jandarma.

Washegari aka fara da tarihi. Tun 1905 ake rubuta ruwan Yamai, zamanin Turawa. Su abin da ya fi damunsu daga baya shi ne jiragen sama, shi ya sa manyan tashoshin auna yanayi da yawa a filayen jirgi suke, har da tamu ta Tawa. A 1959 aka kafa ASECNA, hukumar da ƙasashen Afirka da dama suka haɗu a ciki don tsaron zirga-zirgar jirage, kuma makarantarta ta horar da masana yanayi, EAMAC, a Yamai take tun 1963. Hukumar yanayi ta ƙasa an kafa ta ne jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, ƙarƙashin ma'aikatar sufuri.

Abin da ya juyo da fuskar aikin daga matuƙin jirgi zuwa manomi shi ne yunwa. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka watse. A shekarar ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a Wagadugu, a 1974 kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai don haɗa ilimin noma da na ruwa da na yanayi wuri guda. A cikin watan Afrilun wannan shekara ta 1974 sojoji suka kifar da shugaban ƙasa Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da batun yunwar yana cikin dalilan da suka bayar. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda iyayenmu ke kira El Buhari. Daga nan hukumomi suka gane cewa dole a san shekara za ta ɓaci tun hatsi yana gona, kada a jira sai an ga mutane a bakin hanya. Shi ya sa a duk damina, kowane kwana goma, ma'aikatan meteyo da na noma da na kiwo da na ruwa da masu yaƙi da fara suke zama su fitar da rahoto ɗaya. Ga kuma ACMAD, cibiyar yanayi ta nahiyar Afirka baki ɗaya, ita ma a Yamai take aiki tun 1992. Ban san wani birni a yankinmu da ya tara masu duban sama kamar wannan ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne filin na'urori da aka kai mu. Wani ɗan fili ne da aka kewaye da waya. A tsakiya akwai farin akwatin katako mai ƙofofin iska, tsaye a kan ƙafafu, a ciki ma'aunan zafi suke don kada rana ta taɓa su kai tsaye. Gefe ga wani faffaɗan daro na ƙarfe cike da ruwa, kullum ana duba yawan da rana da iska suka shanye. Sai wani ƙwallon gilashi da ke tara hasken rana ya ƙona wata takarda a bayansa, tsawon ƙunar shi ne awoyin da rana ta haska. Ma'aikacin, wani magidanci mai furfura a gemu, ya zaro takardar jiya ya miƙo mini. Baƙin layi ne siriri daga wannan gefe zuwa wancan, babu yankewa ko kaɗan, har da ɗan ƙaurin ƙuna. Ya ce kowace awa uku ake aika abin da aka karanta, dare da rana, ranar salla ma haka, kuma da agogon duniya ake aiki, shi ya sa ƙarfe 7 na safe a wurinmu ake rubuta shi ƙarfe 6. A filin jirgin Diori Hamani kuma ana sakin balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura, ta hau sama tana aiko da zafi da laima da gudun iska har ta fashe.

A ɗakin hasashe aka nuna mana hotunan tauraron ɗan'adam, sabo yana shigowa duk minti 15. Wata matashiya ta ɗora yatsa a kan wani layi da ya ratsa taswira. Nan ne, in ji ta, busasshiyar iskar hamada take karo da iska mai laima da ke tasowa daga teku. Layin yana hawa arewa a hankali daga bazara, ya kai ƙarshensa a Agusta, ya sake komowa. Sai ya wuce gari da nisa sosai kafin ruwa ya zauna a garin, shi ya sa iska takan juya a Tawa a yi makonni ana gumi ba a ga ɗigo ba. Manyan hadura kuwa daga gabas suke tasowa su nufi yamma, ƙura ja a gaba, ruwa a baya. Wanda aka gani ya haɗu a wajen Damagaram da yamma, ana iya kiran Maraɗi da Tawa a ce su shirya.

Da yamma na tsallaka gadar Kennedy zuwa Haro Banda. Kogin Isa ya janye, tsibiran yashi sun fito, masu wanki sun shanya kaya a kai. Da wuya mutum ya yarda cewa wannan ruwan ne ya kai santimita 700 a Satumban 2020, alhali jan gargaɗi a 620 yake, ya fasa madatsai ya shiga unguwanni irin su Lamorde. A 2024 abin ya game ƙasa: sama da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka ɗage komawa lakkol. Hukumomin da aka gina don tsoron fari, yanzu gargaɗin ambaliya ma ya shiga cikin aikinsu.

Zaman hasashen damina shi ne ya fi zafi. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke haɗuwa kowace shekara kafin damina, su duba ɗumin ruwan tekuna, na Atilantika da na Fasifik, domin shi ke jan laima zuwa Sahel ko ya riƙe ta a bakin teku. Abin da suke fitarwa kaso ne: yiwuwar ruwa ya fi na kullum, ko ya yi daidai, ko ya kasa, da ko damina za ta faɗi da wuri, da ko za a yi dogon tsaiko a tsakani. Wani abokin aiki daga wajen Abalak ya miƙe, ya dubi ma'aikaciyar da ke yi mana bayani.

“Malama, ni makiyayi ne zai kira ni ya ce in faɗa masa ya nufi arewa ko ya dakata. In ce masa kashi kaza cikin ɗari?”

Aka yi dariya, amma ba ta kauce ba. Ta ce hasashen damina na zaɓen iri ne da tanadi, mai saurin nuna ko mai jinkiri, jigawa ko fadama. Na ranar shuka kuwa yana hannunmu, a ma'aunin ƙauye. Ƙa'idar da suke koyarwa ita ce a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku, sannan a saurari hasashen kwanakin gaba ko akwai tsaiko. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita.

A nan na ga inda gizo ke saƙa. Ruwan Sahel ba ya sauka bai ɗaya. A yi kamar da bakin ƙwarya a wannan gari, na gaba da shi ƙura ce kawai. Ƙasa mai faɗin Nijar, komai yawan na'urori masu aiko da saƙo da kansu da ake ta kafawa, ba za su wadatar ba. Dabarar da ta rage ita ce ma'auni mai araha a hannun manomi, da rediyo, da wayar salula. A ganina adadi yana saurin tafiya daga ƙauye zuwa Yamai fiye da yadda shawara take komowa daga Yamai zuwa ƙauye, kuma wani ɓangare na wannan jinkiri a wuyan irinmu yake, masu makirfo. Mukan karanta sunan gari da milimita mu wuce, kamar masu karanta sanarwar suna da biki.

Na komo Tawa da sabbin ma'aunai na roba a cikin kwali, aka raba wa ƙauyukan da ke kama tasharmu. Ruwan farko ya zo cikin dare a watan Yuni, da iska mai ƙarfi. Da safe na tsiyaye shi cikin kwalbar awo, bai kai 20 ba. Na faɗi haka a rediyo, na ƙara da cewa hasashen kwanaki masu zuwa bai nuna wani hadari a kusa ba, mai iri kaɗan ya dakata. Waya ta yi ta ƙara. Wata mata ta ce mijinta ya riga ya fita da sungumi tun asuba. Wani daga kudancinmu ya ce su nasu ma'aunin ya wuce 20 nesa, me zan ce musu? Na ce su su shuka.