Mura ta biyar tun watan Satumba

Talata, bayan Isha'i.

Wajen ƙarfe uku na dare tarin Auta ya tashe ni. Na laluba cikin duhu na taɓa goshinsa, zafi rau. Hanci ya toshe, da baki yake numfashi, majina ta bushe masa a saman leɓe. Na ce innalillahi, mun sake komawa ke nan. Ko sati uku ba a yi ba da ya rabu da wancan tarin.

Akwai tsohon littafin adashena da nake rubuta ciwonsa a shafukan baya. Da asuba na ɗauko na ƙirga. Tun Satumba da muka sa shi makarantar reno, wannan ce mura ta biyar, ban da gudawar kwana biyu da ya yi a tsakani. Yaro ɗan shekara biyu da wata takwas. Ban faɗa wa kowa ba, amma na daɗe ina saƙa abin a raina: anya yaron nan ba shi da wani ciwo a ɓoye?

Hajiya ta shigo da hantsi, ta ɗora masa bayan hannu a wuya, ta ce haƙori ne. Na ce, "Hajiya, ai haƙoransa sun gama fitowa, ashirin cif." Ta ce to sanyi ne ya shige shi, ga hunturu ga wankan sassafe. Can kuma ta ɗaga masa haɓa tana leƙen maƙogwaro. "Ke 'yar nan, tarin nan da ba ya jin magani, beli ne. A kira wanzami ya duba shi." Gabana ya faɗi. Ba a musu da suruka, sai na ce, "To Hajiya, bari mu je asibiti tukuna mu ji abin da za su ce." Abbansu kuma yana ɗaure takalmi yana cewa in biya kemis a haɗo masa antibayotik kawai a huta. Kowa likita ne a gidan nan.

Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu ya cika maƙil. Benci uku, duk mata da goyo, wannan na tari wancan na amsa masa. An ɗora shi a sikeli, kilo 12 da rabi. Zafin jiki 38.4. Aka soki yatsarsa don gwajin maleriya, ya tsala ihu har da shure-shure, bayan kamar minti 15 layi ɗaya ya fito, wato babu.

Sista ɗin da ta duba shi dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta bari sai da ya yi shiru a cinyata yana tsotsar yatsar da aka soka, sannan ta ɗage rigarsa, ta kalli agogon hannunta, ta zuba wa cikinsa ido. Minti guda cur ba ta ce uffan ba. Ni dai ina kallon ɗan cikin nan yana hawa yana sauka, ban san me take nema ba. Ta ce, "32. Lafiya lau." Ta nuna min da yatsa ƙasan haƙarƙarinsa. Ta ce in yaro ya haura shekara ɗaya, numfashi 40 ko fiye a minti ya yi sauri. Jariri daga wata biyu zuwa shekara kuma 50 ne ma'auninsa. In na ga haka, ko na ga wurin nan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, to ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu, kada in jira gari ya waye. Haka in ya ƙi shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba ya tasuwa.

Sai na ciro littafin adashen, da kunya da komai, na nuna mata. Ta yi dariya har da gyara tabarau. Ta ce ƙaramin yaro ya yi mura sau shida zuwa takwas a shekara ba abin mamaki ba ne, wanda ke cuɗanya da yara a makaranta ma ya kan wuce haka. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura sun fi iri 200, kuma jiki sai ya haɗu da kowacce kafin ya san ta. Ni da na kwana biyu a duniya na gaisa da da yawansu, shi kuwa kowacce baƙuwa ce. Tari kuma yakan ja sati biyu zuwa uku bayan murar ta tafi, shi ya sa nake ganin kamar ciwo ɗaya ne ya ƙi ƙarewa, alhali wani na tafiya wani na sallama. Abin da ta fi dubawa shi ne katinsa: nauyi na ƙaruwa, tsakanin ciwo da ciwo yana ci yana ɓarna, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ta kuma duba layin rigakafi, ta ga allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata 15 duk an yi. Ta ce ita ƙyanda ba irin wadda ake barin jiki ya koya da kansa ba ce.

A adaidaita muna dawowa wata magana da ta yi ta riƙa dawo min. Wai kariyar da jariri ke samu daga uwa tun yana ciki tana raguwa ne wajen wata shida. Wata shida! Daidai lokacin da haƙoran farko ke ɓullowa, yaro ya fara rarumar komai yana kai wa baki. Ashe iyayenmu ba ƙarya suka gani ba, zazzaɓi da gudawa na zuwa tare da haƙori, sai dai haƙorin maƙwabci ne kawai da aka kama a wurin da aka yi sata.

Na roƙi antibayotik ɗin Abbansu, ta hana. Ta ce ba ya taɓa ƙwayar mura, ko da majinar ta koma kore, sai dai ya ɓata masa ciki. Farasitamol ta rubuta daidai nauyinsa, da ruwa da yawa, da ɗigon ruwan gishiri a hanci. Maganin tari na kwalba ma ta ce in bar shi. Ban yi gardama ba, don har yau ban manta yara fiye da 80 da gurɓataccen maganin haƙori ya kashe a ƙasar nan wajen 2008 ba. Ta ce in ba shi zuma cokali ƙarami kafin barci, tunda ya wuce shekara ɗaya. Jariri dai ba a ba shi.

Hankalina ya kwanta, amma ba zan yi ƙarya ba, bayanin bai mayar min da barcina ba. Ɗinkin mutane uku na nan a kan keke ban taɓa ba. An ce jikinsa karatu yake yi. To, ni ce dai mai biyan kuɗin makarantar.

Da la'asar na kai wa Hajiya rahoto. Na fara da zumar, da gangan. Fuskarta ta washe, ta ce ai da ma ta faɗa, ta aika aka ɗebo tata ta cikin kwalbar da ba ta bari kowa ya taɓa. Zancen beli ban tayar ba, ita ma ba ta tayar ba. Na dai ja Abbansu gefe na ce masa ba wanzamin da zai sa ƙarfe a maƙogwaron ɗana, shi ya san yadda zai faɗa wa mahaifiyarsa.

Yanzu ya sha kunu rabin kofi ya yi barci, yana ɗan minshari. Na ɗage rigarsa na kunna agogon waya na ƙirga, na rikice a tsakiya na sake. 29. Ina cikin rubuta lambar a littafin adashe na ji yayarsa ta yi atishawa sau biyu daga ɗaya ɗakin.