Furen Madagaska mai doguwar jela

Kwana biyun nan hankalina ya tafi kan wani fure da ke dazukan gabashin Madagaska, daga dangin furannin da ake kira okid yake, sunansa na kimiyya Angraecum sesquipedale. Fari ne tas, siffarsa kamar tauraro, da kauri sai ka ce da kakin zuma aka ƙera shi, kuma sai dare ya yi yake buɗe ƙamshinsa. Yawanci jikin bishiya yake maƙalewa, a dazukan kusa da gaɓar teku inda zafi da danshi ba sa yankewa, saiwoyinsa a fili suna shan ruwan sama da raɓa. Kar ku ɗauka irin kauci ne fa, shi ba ya tsotsar bishiyar, wurin zama kawai ya ara.

To abin da ya ɗaure min kai jelarsa ce. A bayan kowane fure akwai wani siririn bututu da ya kai wajen santimita 30, kuma ruwan zaƙin yana can ƙurya, wa zai kai bakinsa can? A 1862 aka aika wa masanin halittu Charles Darwin furen a Ingila, da ya duba sai ya ce dole akwai wani malam-buɗe-littafin dare a Madagaska mai harshe tsawon jelar nan, wasu masana ƙwari har dariya suka yi masa, ya rasu a 1882 bai ga ƙwaron ba. Sai a 1903 wasu masana ƙwari biyu, Rothschild da Jordan, suka bayyana shi, suka liƙa masa suna praedicta, wato wanda aka yi hasashensa. Ganin shi ido da ido yana shan furen kuwa sai 1992. Shekara 130 kenan, kai jama'a!

Dabarar ta burge ni wallahi. Da jelar gajera ce, ƙwaron zai zuƙe abinsa daga nesa ya yi gaba, amma da yake doguwa ce sai ya tura kai har ciki, nan dunƙulen garin furen ke manne masa a gindin harshe, ya kwashe ya kai wa wani furen.

Yanzu dai dazukan nan sai raguwa suke, ana sarewa ana ƙonawa don noman shinkafa, abin da mutanen can ke kira tavy, kuma bishiyar da aka kayar da furenta take faɗuwa.