Godiya ga 'yan gidanmu na Samaru

Salama gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yanzu da Allah ya kai ni ƙarshen karatu, ya kuma mayar mini da lafiyata, ina so in yi godiya a bainar jama'a ga 'yan matan da muka zauna gida ɗaya a Samaru, Zariya. Ba zan kama suna ba, domin na san halinsu, ba za su so ba.

Ba da kuɗina na shiga gidan nan ba. Na zo daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi, ban samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, haya kuma ta fi ƙarfin iyayena. Wata yaya da muka haɗu a zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS ta ce in kawo jakata kafin abubuwa su daidaita. A daren aka ja katifu biyu aka haɗa, aka ba ni tsakiya. Har na gama karatu ba wadda ta taɓa tambayata yaushe zan tashi.

Daga baya na gane dalilin Yaya. 'Yar ikilisiyar EYN ce daga Mubi. Da Boko Haram suka kama garin a Oktoban 2014, ita da iyayenta suka gudu, wasu mutanen da ba su san su ba suka sauke su a Yola. Yaya, kin sha gaya mana cewa wanda aka taɓa buɗe wa ƙofa ba ya rufe tasa. Na ga hakan a aikace, Allah ya saka miki.

Mun fito daga ikilisiyoyi dabam-dabam, ECWA da COCIN da EYN da Katolika, amma tukunyarmu ɗaya ce. Wadda aka aiko wa garin masara daga gida, na kowa ne. Da asuba mu yi waƙa ɗaya da addu'a kafin a bi layin ruwa. Mun yi saɓani kan wanke-wanke da kuɗin wuta, ba zan ɓoye ba, amma ba a taɓa kwana da fushi ba.

Babban abin da ya sa na rubuta wannan shi ne ciwon cikin da ya kama ni a farkon 2023, daidai lokacin da aka canja takardun naira, kuɗi ya yi wuyar samu. Likita ya ce sai an yi tiyata da gaggawa. Tura kuɗi ta waya ya ƙi tafiya, masu POS kuma ba kuɗi a hannunsu. Ƙanwata 'yar COCIN, ke kika kwana a layin banki cikin sanyin hunturu. 'Yar'uwata 'yar Katolika, ke kika sayar da wayarki, sai bayan an sallame ni na sani. Kuka raba kwanan jinya tsakaninku alhali kuna cikin jarrabawa, kuka yi ta kwantar wa mahaifiyata hankali har ta iso. Abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu 25 game da baƙo da majinyaci, ku kun yi mini shi.

Hajiya mai gidanmu, Mama, kin yi mana haƙurin haya, kika riƙa aiko da kunun gyaɗa mai zafi kowace safiya har na fara cin tuwo. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma kin riƙe ni kamar 'yar cikinki. Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai. Baba Fasto da iyayenmu na zumuntar mata, na gode da addu'o'inku da gudummawarku.

Ranar Lahadi mai zuwa ni da iyayena za mu yi sujadar godiya a majami'armu ta gida. 'Yan gidanmu, Inna ta ce kada ɗayarku ta kawo uzuri, ta riga ta tanadi masauki. Sauran 'yan'uwa kuma ku sa Yaya cikin addu'a, tana neman aiki.