Abin da layin bokiti ya koya mini

A Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba a Legas, inda na koyi zane, an koya mana auna mutum da tsayin kansa: tsayin baligi kai bakwai da rabi ne, idan ka ƙara ko ka rage ka shiga zanen barkwanci. A nan na fara jin labarin Akinola Lasekan, mai zanen barkwanci wanda yake sa hannu da sunan Lash a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a Legas a 1937. Da alƙalami ya riƙa tsokanar Turawan mulkin mallaka. Na fito makaranta da burin zama irinsa, na yi ta zana 'yan siyasa da tumbi da babbar riga. Ko kare bai yi haushi ba.

Zanen da ya fara sa mutane dariya ba mutum ko ɗaya a cikinsa. Gidan hayarmu ne a Agege, ɗakuna goma suna kallon juna, banɗaki ɗaya. Kafin kiran assalatu kowa ya ajiye bokitinsa a layi ya koma barci. Na zana bokitan nan kawai, da wata buta da ta kutsa tsakiya kamar ba ta san komai ba. Masu kayan gwari a kasuwar Mile 12 da 'yan canji har da wani mai gadi a Ikoyi, kowa cewa yake gidansu na zana.

Sai kai ya fara kumbura. Na zana mace tana tuƙa tuwo a tsaye, da hannu ɗaya, tana murmushi. Matata ta duba ta ce, "Malam, wannan koko take damawa ko? Tuwon masara ne za a tuƙa da hannu ɗaya?" Shekara nawa ina cin tuwo, ashe ban taɓa kallon yadda ake yinsa ba. Na zauna bakin risho na kalla: kujera 'yar tsuguno, hannu biyu a muciya, leɓe a cije, ɗankwali ya zame gefe, yaro a baya yana jan kunne. Da na sake zanawa ban ƙara wani abin dariya ba, abin da na gani kawai na sa, kuma mata suka yi ta tura wa juna a WhatsApp. Tun daga nan na fi ɓata lokaci wajen kallo a kan riƙe fensir. Yadda maigida ke lissafin kuɗin mai ruwa jarka-jarka, yadda ake rige-rigen sa caji in an kawo wuta da tsakar dare, duk sai ka zauna shiru ka gan su.

Inda na ƙone hannu shi ne kan wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Na gan ta tana ƙirga nama a miya kafin ta raba wa jikoki, na zana ta da fuskarta sak, har da tsagar kumatu. Unguwa ta ɗauka. Da magariba ta tsaya bakin ƙofarmu.

"Yaro, a gidanku haka ake yi wa manya? Tukunyata ka buɗe wa duniya?"

"Hajiya, tuba nake, ki gafarce ni."

Ƙarshen wata ne, yanka uku ne a tukunyar, baki bakwai. Ni abin dariya na gani, ita kuwa asirinta na tona. Kuma ai wasa a wurinmu yana da masu shi: kaka da jika, taubasai, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Ita ba kakata ba, ba abokiyar wasana ba. Sai da matata ta raka ni da ƙwaryar goro kafin ta amsa gaisuwata.

Yanzu fuska ɗaya ce nake zanawa a gane ta, tawa. Sauran kowa ya nemi kansa a takalmi, a buta, a igiyar shanya. Makon jiya na sake zana layin banɗakin, ina can ƙarshe da soso da sabulu ina hamma. Hajiya ta karɓi takardar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan bokiti na ukun nawa ne? To ka gyara. Nawa shuɗi ne, kuma mariƙinsa waya ce."