Abin da na koya daga tsofaffin littattafan kwamitin jinƙai

Duk mai ba da tarihin taimakon talakawa a ekklesiyoyin Filato, daga Turawan mishan yake farawa, kuma ba laifi. Ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta kafa tasharta ta farko a Wase a 1904, ta buɗe asibitin Vom a 1922. Daga aikin wata ƙungiyar mishan, SIM (Sudan Interior Mission), aka sami ekklesiyar ECWA a 1954, sannan asibitin Jankwano a 1959, wanda yau ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Waɗannan gine-gine ne, ana iya nuna su da yatsa. Da dattawa suka ɗora mini aikin tattara tarihin kwamitin jinƙai na ekklesiyarmu a nan Jos, saboda ni ke riƙe da littafin kwamitin, irin wannan labarin na zaci zan tarar.

Da na buɗe akwatin ƙarfen da ke ofishin Baba Fasto, babu Bature a ciki. Rubutun mata ne, wani da biro, wani da fensir: mudu biyu na masara ga gwauruwa a Tudun Wada, kuɗin makarantar marayu uku, bargo ga wani tsoho saboda sanyin Disamba, wanda duk ɗan Jos ya san ba abin wasa ba ne. Zumuntar Mata ce ta fara abin tun ba a raɗa masa sunan kwamiti ba. Kowace mace takan ɗebi kaɗan daga abin da za ta dafa ta ajiye gefe, ranar zumunta a haɗa, a auna, a miƙa wa masu fita ziyara.

Ziyarar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Mu 'yan boko fom muke so. A yi sanarwa bayan sujada, masu bukata su zo su rubuta suna, a raba shinkafa, a ɗauki hoto. To, wa ke zuwa? Malamin makarantar da ya yi ritaya fansho bai fito ba, ba zai tsaya a layi gaban ɗalibansa ba ko da zai kwana da yunwa. Haka matar da mijinta ya rasa aiki. Na tambayi wata tsohuwa cikin waɗanda suka fara aikin yadda suke gane gidan da ke cikin matsi. Ta ce, “Ɗana, ka je da la'asar ka gai da su, ka saci kallon murhu. In tokar ta yi sanyi, ba sai ka yi tambaya ba.” Hatsin ma a ƙasan kwando suke kai shi, a rufe da zane, a ce tsaraba ce. Shi ya sa a shafuka da yawa ba suna, sai dai unguwa da yawan mudu.

Littattafan kuma suna bin halin da garin ya shiga sau da ƙafa. Bayan faɗuwar farashin kuza a 1985 da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, na 1986, kuɗin makaranta ya fara rinjayar hatsi. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001 da gobarar kasuwar Terminus a 2002, sai ga jari: kuɗin buhun dankali, kuɗin kwandon tumatir daga Farin Gada, a biya kaɗan-kaɗan ba ruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a tsofaffin shafuka akwai maƙwabta Musulmi da aka kai wa taimako ba tare da wani dogon bayani ba. Bayan rikice-rikicen 2008 da 2010, da kowa ya kwashe kayansa ya koma unguwar nasa, sai suka ɓace daga littafin. Ban ga inda aka zauna aka yanke shawarar haka ba. Hanyar zuwa gidajensu ce kawai ta toshe.

Kuɗin waje ya shigo a waɗannan shekarun, kuma ya yi amfani, ban raina shi ba. Sai dai kowane shiri da wa'adinsa yake zuwa, yana ƙarewa a rufe fayil. Mudun mata bai taɓa tsayawa ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023, wasu da na san rubutun hannunsu a jerin masu bayarwa sun koma ɓangaren masu karɓa, kuɗin Keke Napep kuma ya sa ziyara ta yi wuya. Yanzu mun raba ta unguwa-unguwa, ta Kabong ta duba Kabong, ta Jenta ta duba Jenta, a ƙafa. Matsalar da ta rage ita ce, yawancin masu wannan ziyara sun haura sittin, matasan mata kuwa suna wurin aiki ko kasuwa har magariba.