Yau na tsinke wa auduga kai

Laraba, 28 ga Agusta, Bakori

Ina idar da sallar asuba na wuce gona, raɓa duk ta jiƙa min ƙafar wando. Kwana 67 ke nan da shuka, kuma fure ya kwana goma da fara fitowa, wanda ya buɗe yau fari-fari, na jiya ya koma ja. Lokacin da malamin gona ya ce a tsinke kai ya yi.

Aikin ba ya son wuƙa. Ɗan tohon nan na can ƙololuwa za ka kama da farce biyu ka tsinke, laushinsa kamar na ganyen rama. Kafin hantsi yatsuna sun yi kore, bayana kuwa ba a magana.

Ina kunya ta ashirin Baba ya iso da sandarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mu da muka yi ta kai auduga Funtua tun ba a haife ka ba, ba mu taɓa yanke mata kai ba. Wannan kuma karatun ina ne?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri ku duba nan." Na nuna masa wani toho, ga ƙwan tsutsa manne a jiki, ƙanana, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Malam-buɗe-littafin dare da ke haifar tsutsar auduga ya fi son saka ƙwai a sabon toho. In an cire shi an rage masa wurin zama. Sannan muddin kan yana nan, itacen sama zai yi ta miƙewa, alhali furen da zai fito a ƙarshen damina da wuya ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Gara abincin ya koma rassan gefe, ƙwallayen da suka riga suka kama su cika.

Ni kaina ban ɗauka dabarar za ta ninka amfani ba. A jigawar arewa, inda audugar ko gwiwa ba ta kai ba, ban taɓa ko ɗaya ba. Me za ka rage wa wanda bai ƙoshi ba?

Baba bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi in bar kunya goma na bakin tsamiya yadda suke, a tsince su daban da kaka, a ɗora kowanne kan sikeli. Da hannunsa ya kafa turaku a iyakar.

Saura kusan rabin gonar. Gobe zan roƙi ƙanena ya zo, in ruwa bai sauko ba.