Masu gida a gidan wasu

Har yau idan na tuna daren nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Asabar ce, 27 ga Janairu 2024, ƙarfe tara na dare, a ƙofar gidan Baba Alhaji da ke unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru. An fito da talabijin an ɗora kan benci, an shimfiɗa tabarmi, butar shayi na kan gawayi. Najeriya da Kamaru ne a Abijan, wasan da duk wanda aka ci ya tattara ya koma gida. Mun kai mutum ashirin, kuma ni kaɗai ne ɗan Najeriya. Ban ma lura da hakan ba sai daga baya.

Abin da ya rufe min ido shi ne yadda na fara ganin garin. Na shigo ta Yola a ƙarshen 2021 da ɗan jarina na kayan babur, ban iya Faransanci ba, Fillancin ma daga gaisuwa sai in tsaya ina murmushi. Ko wata biyu ban yi ba aka fara gasar kofin Afirka, aka kuma ajiye Najeriya a Garwa. Ranar da Iheanacho ya ci Masar ina cikin filin Roumdé Adjia, kuma wallahi da za a rufe maka ido a sa ka a wurin, cewa za ka yi Kaduna kake. 'Yan acaɓa sun ɗaura kore da fari a madubi, yara na bin motar 'yan wasa da gudu suna kiran Ahmed Musa. Muka ci Sudan 3-1, muka ci Gini Bisau 2-0, gari ya ɗauka. Daren da Msakni na Tunisiya ya ɗaɗa wadda ta kuɓuce wa Okoye, aka kuma ba Iwobi jan kati, tare muka fito daga filin jiki a mace, ni da 'ya'yan Baba Alhaji. Ƙaraminsu har hawaye ya yi. Daga ranar na yanke wa kaina hukunci cewa mutanen nan namu ne, iyaka ce kawai ta gitta.

Shi ya sa ban kama bakina ba. Ana cikin minti na talatin da 'yan kai Osimhen ya ƙwace ƙwallo a ƙafar mai tsaron bayansu, ya miƙa wa Lookman, sai ga ta a raga. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙafata ta kwashe butar shayin, gawayi ya yi cuuu, kofuna suka tarwatse, ni kuwa hannu sama ina ihu da iya ƙarfina: "Sai masu gida! Sai masu gida!"

Ba Kano Pillars, mai wannan kirarin, ce ke wasa ba, na sani. Amma bakin da ya shekara ashirin yana faɗin abu a Ƙofar Mata ba ya neman izini.

Wurin ya yi tsit, sai muryar mai sharhi da Faransanci. Baba Alhaji ya dubi shayin da ke bin tabarma, ya ɗago ya dube ni, ya gyara zaman hularsa, ya ce a hankali, "Ɗan Kano, masu wane gidan?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi min sauƙi. Mutumin nan shi ya ba ni ɗaki ban da ko sisi na ajiya, shi ya tsaya min wajen neman takardar zama, tuwon gidansa nake ci kullum dare. Na durƙusa ina tsince kofuna ina cewa, "Baba, a yi haƙuri, baki ne ya suɓuce." Ya ce, "Zauna, ɗana, wasa bai ƙare ba." Na zauna. Da Kamaru ta sako Aboubakar can wajen ƙarshe duk suka gyara zama suna addu'a, don ɗan gida ne, a Coton Sport ya tashi kafin ya tafi Faransa a 2010. Da Lookman ya ƙara ta biyu sai na sa hannuwana ƙarƙashin cinyata na danne, na ƙura wa ƙasa ido. Ban taɓa jin daɗin ci da baƙin ciki sun haɗu min a ƙirji kamar ranar ba.

Da safe na je gaishe shi ina ta shirya ban haƙuri, sai na tarar shi ma ya shirya nasa. Ya ce, "Shekararka nawa a 2000?" Na ce takwas. Ya ce to a Legas, a gidanku, a gaban mutanenku muka ɗauki kofi, Rigobert Song ɗin nan, kocinmu da kuka kora jiya, shi ya buga fenariti ta ƙarshe. Na ce, "Baba, ai ta Ikpeba ta shiga, rafali ne bai gani ba." Ya ce, "Ta 1984 da ta 1988 ma rafali ne?" Na yi shiru. Tun daga ranar sunana a layin masu kayan babur ya koma Mai Gida. Yaran shago ne, 'yan acaɓa ne, har mai ƙosai: "Mai Gida, a sa na nawa?" Shekara ta zagayo ba su gaji ba.

To amma tunda sun taɓo ni, bari in faɗi nawa. Mutanen Garwa sun san ƙwallo, ba musu. Garin Issa Hayatou ne, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka tun 1988 har 2017. Coton Sport ɗinsu, da kamfanin auduga ke ɗaukar nauyinta, ta ci lig ɗin Kamaru sama da sau 15, alhali sai 1986 aka kafa ta, ta zo ta sha gaban su Canon ta Yawunde da Union ta Duwala da suka riga ta suna. Ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta ci ta 2-0 a Alƙahira, aka yi 2-2 a nan. Mu 'yan Pillars iyakarmu kusa da na ƙarshe a 2009, ko da yake mu ne muka fitar da Al Ahlyn a shekarar, kuma wannan nake jefa musu duk lokacin da suka dame ni. Kofin lig huɗu gare mu: 2008, sai 2012, 2013, 2014 a jere. Idan lissafi ne, sun bar mu nesa.

Sai dai na je kallon Coton a Roumdé Adjia ya fi sau biyar, kuma kowane zuwa sai in dawo da kewa. Fili mai kyau, ciyawa shar, kujera ka zaɓi wadda kake so, har ka miƙe ƙafa a ta gabanka. Akwai 'yan ganga a gefe guda suna ƙoƙarinsu, sauran jama'a na kallo kamar masu sauraron karatu. An ci, a tafa, a zauna. Na tambayi wani da ke kusa da ni ko ba a murna ne, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai sun saba. Ni a ganina ƙungiya ce da suke alfahari da ita kamar yadda mutum ke alfahari da ɗan unguwarsu da ya yi kuɗi. Zafin zuciyar kuwa sun ajiye wa Zakunan ƙasa, da kuma Madrid da Barcelona a gidan kallo.

A Kano fa? Ranar wasa tun azahar hanyar Ƙofar Mata ta cushe. Kore da ruwan ɗorawa ko'ina, masu rake da masu gurasa sun kafa layi, mutum ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya bar ciniki. Ka shiga filin Sani Abacha ka tarar babu masaka tsinke, wanda ba ka taɓa gani ba ya rungume ka don Rabi'u Ali ya murza ta ta shiga kusurwa. Ba na ɓoye aibinmu: muna da jifa, muna da zagin rafali har kakansa, an sha korar mu daga filinmu a kai mu wani gari saboda halin 'yan kallo. A nan Garwa ban taɓa ganin an jefa ko ledar ruwa ba, mutum zai zo da ɗansa ƙarami ya koma lafiya. Wani lokacin ina jin kunyar hakan. Wani lokacin kuma in ce a raina, wanda bai taɓa kasa cin abinci saboda an ci ƙungiyarsa ba, me ya sani?

Mahaifina ya kasa ci a 2022, lokacin da Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ina nan Garwa aka yi, Umma ce ta faɗa min a waya, tana dariya tana mita: "Babanku ya ture kwano, wai shi ba ya jin yunwa. Tsoho da shi." Shi ya fara kai ni filin ina ɗan shekara goma, ya ɗora ni a tankin babur, rediyonsa ƙarama a aljihun gaba, don shi ko yana kallon wasa da idonsa sai ya kara ta a kunne ya ji yadda ake faɗa. Da suka dawo babban rukuni a 2023 ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi, don ya ce kuɗin kiran waje asara ne. Bai tambayi kasuwa ba, bai tambayi lafiyata ba. Ya ce, "Ka ji mun dawo?" Na ce na ji, Baba. Ya ce, "To madalla," ya kashe.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa matakala, ƙanena ne ke zuwa. Shi ne kuma yake ɗaukar ɗana, wanda na bari yana tatata, yanzu ga shi har ya shiga firamare. Ran nan ya turo min bidiyo: yaron a wuyansa, riga ta yi masa yawa har gwiwa, yana ihu da 'yar muryarsa, haƙoran gaba biyu babu. Na kalla ya fi sau ashirin a bayan kanta. Daɗi na ji, amma har da wani abu mai kama da kishi, don ni ya kamata in ɗora shi a wuyan nan. Na ce wa uwarsa a waya a daina kai shi cikin turmutsutsu, ta ce, "Kai da aka kai ka me ya same ka?" Ban da amsa.

Na sayo masa rigar Coton a kasuwa, kore da fari, sefa dubu uku bayan dogon ciniki, na ba wani direba ya kai. Ƙanena ya ce yaron ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ta wace ƙungiya ce, aka ce ta garin da babanka yake. Ya sa ta kwana ɗaya. Kakansa ya gan shi a tsakar gida ya ce a cire masa, ba a gidansa ba. Umma ta ninke ta ta sa a ƙasan akwati, ta ce idan na zo da salla sai mu yi shari'ar da bakinmu.

Na ba Baba Alhaji labarin muna shan shayi, a sabuwar butar da na saya na biya waccan. Ya yi dariya har da tari, ya ce in gaishe masa da tsohon, in kuma faɗa masa akwai tabarma a Garwa duk ranar da ya so ganin ƙungiyar da ke cin kofi. Ban isar da saƙon ba tukuna.